Faɗa-wutar da Ta Yi wa Sarakuna Zare

A shekarar 1855 wani Bature mai suna Francis Walker, wanda Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya ɗora wa aikin lissafa ƙwarin da aka tara masa daga sassan duniya, ya ci karo da wata faɗa-wuta da aka kawo daga Natal, can kudancin Afirka. Fara ce mai ratsin ƙasa-ƙasa a fiffike, ba ta da wani kyan da zai tsayar da mai wucewa. Ya duba bai ga 'yan'uwan da zai jingina ta da su ba, sai ya buɗe mata sabon babi, ya kira jinsin Anaphe, ita kuma Anaphe reticulata. Walker mutum ne mai saurin hannu, kuma waɗanda suka gaje shi sun daɗe suna ƙorafin cewa yakan raɗa wa ƙwaro ɗaya suna biyu ko uku bai sani ba. Wannan sunan dai ya zauna, shi ake kira har yau.

Gawa ce a kan allura Walker yake kallo. Shekara huɗu kafin nan, cikin Fabrairun 1851, Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano ya tarar da birnin da tufafi ke riƙe da shi. Ya ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa waje na saƙa da rini yana kaiwa wuri miliyan 300 a shekara, kuma ya ga alharinin da raƙuma ke ɗaukowa daga Tarabulus, wanda asalinsa ragowar silikin masaƙun Turai ne da aka rina ja. Amma a cikin kasuwar nan ta Kurmi akwai wani silikin da bai taɓa ƙetare Sahara ba. A dawa ake tsinko shi, mata su kaɗa, maɗinka su yi aikin wuya da na aljihu da shi a kan manyan riguna. Shi ne tsamiya, kuma dangin faɗa-wutar Walker ne ke saƙa shi.

Uwar ba ta daɗewa a duniya. Bakinta bai cika halitta ba, don haka ba ta ci ba ta sha. Tana fitowa wajen farkon damina, ta sadu da namiji, ta zuba ƙwai a bayan ganye, ta lulluɓe su da gashin da ke ƙarshen cikinta, bayan 'yan kwanaki ta mutu. 'Ya'yan ne masu dogon zama. Gizaka ne masu gashi, kuma tun ranar da suka ƙyanƙyashe ba sa rabuwa: tare suke kiwo, tare suke hutawa a jikin itace, in za su tashi sai su yi jerin gwano, kan wannan a gindin wancan. Bayan wata uku ko huɗu suna cin ganye, sai su taru wuri ɗaya, ɗaruruwansu, su saƙa gida na tarayya. A nau'o'in kudu gidan jaka ce mai bango hawa-hawa, na waje sako-sako, na tsakiya mai tauri, a ciki kuma kowace tsutsa ta naɗe kanta a ƙaramin kwanson kanta. Nan za su kwana rani, sai ruwa ya dawo su huda su fito da fiffike.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar gidan nan da hannu tsirara ba sai an yi masa bayanin gashin gizaka ba. Ƙaiƙayin yana kwana a tsakanin yatsu. Shi ya sa aikin yake farawa da ruwa da wuta: a yage gidan, a kakkaɓe ɓawo da tarkacen da ke ciki, a zuba a tukunya da ruwan toka ko kanwa, a bar shi ya yi ta tafasa har danƙon da ya liƙe zaren ya saki. A wanke, a shanya. Abin da ya rage dunƙule ne mai laushi, sai mai kaɗi ta zauna ta yi ta fincike shi da yatsu tana warwarewa, sannan ta ɗauki mazari ta kaɗa shi yadda take kaɗa auduga, tana dangwalar alli. Zaren da zai fito ba sumul yake ba, yana da 'yan ƙulle-ƙulle, kuma ƙyallinsa a kwance yake, ba ya ɗaukar ido irin na alharini. Sai dai yana da ƙarfi ƙwarai. Tsohuwar riga za ka gani farin ya sha jiki har ya fara ɓarkewa a kafaɗa, amma askar da aka ɗinka da tsamiya tana nan daram, sai ma ƙara laushi da ta yi.

Kasuwa ba ta jira Turawa ba kafin ta rarrabe kayanta, kuma da itace ta rarrabe. Akwai tsamiyar tsamiya, wadda tsutsarta ke kiwo a bishiyar tsamiya, akwai kuma tsamiyar doka. Wannan rabo ya bi yanayin ƙasa sau da ƙafa. Wanda ya tsaya a gonakin Kademi, ko ya bi hanyar Gaya zuwa Ajingi, zai ga ƙasar noma ce da aka daɗe ana ci, mai jigawa da fadama, inda itatuwan da suka rage su ne waɗanda manomi ya ga amfaninsu ya ƙyale: ɗorawa, kuka, gawo, kanya, da tsamiya mai duhun inuwa wadda yara ke tsoron zama gindinta da tsakar rana saboda mutanen ɓoye. Doka ba itacen nan ba ne. Sai an gangara kudu inda ruwa ya fi yawa, wajen dajin Falgore, ƙasar Zazzau, Birnin Gwari, Ningi da Bauchi, sannan ake shiga dajin doka na sosai. Ke nan abin da gabashin Kano zai iya bayarwa daga bishiyoyinsa na tsamiya ne, na doka kuwa sai fatake sun kawo. Gaya ma ba baƙuwar fatake ba ce, domin tsohuwar hanyar Kano zuwa Barno ta nan ta ratsa.

Zaren arewa ya fi na kudu haske, shi ya sa maɗinkan Kano da Zariya da Bida suka so shi don aikin allura, aska biyu ko aska takwas a kan girke. Yarabawa kuwa saƙawa suke yi da nasu mai ruwan ƙasa, su fitar da sanyan, wanda yake cikin manyan tufafin girma a Oyo da Iseyin da Ilori. Can yamma mai nisa, Dogon na ƙasar Mali da Marka-Dafing na Burkina Faso suna haɗa shi da auduga su rina da baba, su yi zannuwan aure. Hanyoyin ciniki sun haɗa waɗannan wurare tun kafin a zana iyakokin da ke tsakaninsu yau.

A Turai lissafin ya bi wata hanya dabam, kuma daga nasu masu jerin gwanon ya fara. Tun 1758 Linnaeus ya ba wa mai jerin gwanon da ke cin ganyen itacen oak suna, a 1775 wasu malamai biyu na birnin Biyana, Denis da Schiffermüller, suka ba wa 'yar'uwarta mai cin ganyen pine. Wajen 1820 Jacob Hübner ya kafa musu jinsin Thaumetopoea. Na Afirka sun riƙa isa ɗaya bayan ɗaya a cikin akwatunan matafiya da 'yan mishan da jami'an mulki. Boisduval na Faransa ya bayyana wadda yanzu ake kira Anaphe panda a 1847. Arthur Butler ya ƙara Anaphe venata a 1878, Lord Walsingham ya kawo infracta a 1885, wadda masana da yawa daga baya suka ce panda ce aka sake wa suna. A 1887 Herbert Druce ya raɗa wa wata moloneyi don girmama Alfred Moloney, gwamnan Legas na lokacin, mutumin da ya damu da sha'anin daji har ya rubuta littafi a kan itatuwan Afirka ta Yamma a wannan shekarar. A 1904 Christopher Aurivillius na Suwidin ya ware wasu daga cikinsu ya yi musu jinsin Epanaphe, moloneyi ta koma can. Bayan shekara uku, a 1907, wani limamin Kirista Bafaranshe, Joseph de Joannis, ya bayyana vuilleti, mai kiwo a tsamiya.

Waɗannan biyun na ƙarshe su ne namu. Lokacin da F. D. Golding, masanin ƙwari na Sashen Aikin Gona na Nijeriya, ya rubuta bayanin tsutsotsin silikin dawa na ƙasar a 1942, abin da ya fito fili shi ne kowane nau'i da itacen da ya fi riƙewa: venata a kan arere, dogon itacen katakon nan na kurmin kudu, infracta a kan dangin kirni, moloneyi a dajin doka, vuilleti a kan tsamiya. Kusan shekara casa'in aka yi ana ƙirga jijiyar fiffike a ƙarƙashin gilashi, aka zo aka sauka kusa da inda dillalan Kurmi suke tsaye tun farko. Ba na faɗin haka don rage wa masu gilashin daraja. Dillali ba zai iya gaya maka cewa tsutsar tsamiyar Gaya da mai cinye dajin pine a Sifen jini ɗaya suke ba, kuma bai da dalilin damuwa da hakan. Amma kan tambayar da ta shafi inda za a sami abin, itace ya fi fiffike saurin ba da amsa.

Gardamar da ta fi daɗewa ita ce ta matsayi. A tsarin masana, nau'o'i ke taruwa su yi jinsi, jinsuna su taru su yi dangi, kuma babban dangi yakan kasu gida-gida a cikinsa, kamar yadda 'ya'yan mutum ɗaya kan kasu ɗaki-ɗaki. To masu jerin gwano gida ne mai ƙofar kansa, ko ɗaki ne a gidan wani? An yi ta kai su nan ana dawo da su can. A 1970 Sergius Kiriakoff, wanda ya yi aikinsa a Beljiyam, ya tsayar da su dangi mai zaman kansa, Thaumetopoeidae, ya raba su uku bisa yankunan da suke: na Turai da kewayen Bahar Rum zuwa Indiya, na Afirka, da na Ostireliya. A 1991 James Miller na gidan tarihin halittu da ke New York ya sake bin siffofin tsutsa da na uwa ɗaya bayan ɗaya, ya yanke cewa ɓangare ne kawai na babban dangin Notodontidae, mai nau'i kusan 3,800 a duniya. Sunan ya koma Thaumetopoeinae. Harafi ɗaya ya canja, matsayi ya sauka.

A cikin wannan aikin ne Miller ya lura da wasu 'yan tsiraru na Ostireliya da aka daɗe ana lissafawa da masu jerin gwano alhali ba su ba ne. Ya fitar da su ya yi musu dangin kansu, Oenosandridae, nau'i takwas kacal, ba a samun su ko'ina sai can. Da binciken ƙwayoyin gado ya zo, babban nazarin da Reza Zahiri da abokan aikinsa suka fitar a 2011 ya bar wannan ƙaramin dangi a tsaye, ɗaya daga cikin dangi shida da suka amince da su a babban rukunin da ya haɗa shi da Notodontidae, kafaɗa da kafaɗa da masu nau'i dubbai.

Masu jerin gwano gaba ɗayansu nau'i ɗari ne da 'yan kai, a cikin jinsi wajen ashirin, kuma rabonsu a duniya yana da giɓi babba: babu ko ɗaya ɗan asalin nahiyar Amurka, arewa ko kudu. Afirka kudu da Sahara da tsibirin Madagaska ne ke riƙe da kaso mai tsoka. Abin lura shi ne yadda dangi ɗaya ya sami suna iri biyu. A Turai annoba ce. Mai cin pine tana tsige dazuzzuka daga Fotugal har Turkiyya, kuma tun da sanyin hunturu ya fara sassauci take ta matsawa arewa da kan duwatsu. Mai cin oak ta bayyana a yammacin Landan wajen 2006, ta shigo a jikin dashen da aka sayo daga waje, yanzu hukuma na kashe kuɗi kowace shekara tana kwashe gidajenta da ma'aikata masu rufe jiki ruf, saboda gashin yana sa ƙuraje da sarƙewar numfashi. A Ostireliya, bayan ɓarin da goɗiyoyi suka yi ta yi a kwarin Hunter a 2004, bincike ya kai ga gizakar Ochrogaster lunifer da dawakin ke haɗiya a cikin ciyawa. A Faransa ne kuma Jean-Henri Fabre ya yi gwajin da ya shahara, inda ya sa jerin ya haɗe kai da gindi a bakin tukunyar shuka, tsutsotsin suka yi kwana bakwai suna zagaye wuri ɗaya.

Mu ma ba zare kaɗai muka samu ba. A ƙasar Ijesha ana cin tsutsar venata da damina, lokacin da abinci ya yi ƙaranci. Tun 1958 likitoci a Ilesha suka ba da labarin wata cuta da ke zuwa tsakanin Yuli da Satumba: mutum ya ci abinci lafiya, bayan 'yan sa'o'i jiki ya kama karkarwa, tafiya ta gagara, harshe ya yi nauyi. An daɗe ana zargin ƙwayar cuta. Sai a 1993 Bola Adamolekun, likitan jijiyoyi a Ile-Ife, ya nuna a mujallar Lancet cewa masu ciwon sun ci tsutsar, daga baya kuma ya nuna bitamin B1 yana warkar da su. A 2000 Nishimune da abokansa daga Japan suka gano sinadarin da ke cikin ƙwaron mai rusa wannan bitamin, wanda zafin girki ba ya saurin kashe shi. Wanda dama abincinsa rogo ne zalla, jikinsa ba shi da ajiya, shi ne ke fara faɗuwa.

Turawan mulki sun so su mai da tsamiya kayan jirgi. A farkon ƙarni na 20 Cibiyar Daular Birtaniya da ke Landan ta gwada samfuran da aka aika mata, Jamusawa ma suka yi nasu yunƙurin a gabashin Afirka kafin yaƙin 1914. Abin bai je ko'ina ba, kuma dalilan a bayyane suke. Tsutsar silikin Sin tana yin kwanso ɗaya da zare ɗaya mai tsawon ɗaruruwan mita, wanda inji zai warware cikin sauƙi, kuma dubban shekaru ke nan tana zaune a hannun mutum. Tamu ba ta da kan zaren da za a kama, sau ɗaya take haihuwa a shekara, ba ta yarda da keji, sannan ga ƙaiƙayi. Shekarar da aka samu da yawa ba ta yi wa mai zuwa alkawarin komai. Masana'anta ba ta iya zama da irin wannan, mace mai mazari kuwa tana iyawa, domin in babu tsamiya bana sai ta koma wa audugarta.

Abin da ya raunana sana'ar daga wani wajen ya zo. Turawa sun ci Kano a 1903, dogo ya iso a 1911, ayarin Sahara ya mutu, zaren kanti mai arha kala-kala ya shigo ta teku. Daga baya keken aiki ya zo yana gama wuyan riga a yini guda, aikin da allura ke yin watanni a kansa. 'Yan mata suka daina koyon kaɗi. A ɗaya gefen kuma gatari da gawayi da sabbin gonaki suka yi ta cin dajin doka, wutar daji na ƙone gidajen da ke liƙe a itace da rani, maganin feshi bai san ƙwaro mai amfani da marar amfani ba. Masu rubutu sun biyo sawu suna kama abin da ya rage: J. C. Ene a mujallar Nigeria Magazine a 1964. Philip Shea, wanda ya shafe shekaru yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, da maƙalarsa kan Kano da cinikin siliki a 1980. Colleen Kriger da littafinta kan tufafi a tarihin Afirka ta Yamma a 2006. Laurence Douny da nazarinta kan rigunan Hausa masu aikin siliki a 2011. Kusan dukkansu ta wajen riga suka shigo. Ta wajen ƙwaron kuwa, taswirar da masana ke da ita ta fi nuna inda masu tattarawa suka sauka, wato tashoshin gwamnati da bakin dogo, fiye da inda faɗa-wutar take. Gyaran wannan bai fi ƙarfin ɗalibin Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil ba: farin ƙyalle, fitila, daren farkon damina a gindin tsamiyoyin Kademi, da takardar da za a rubuta rana da wuri da sunan itace.

A Kenya an gwada wata hanya. Cibiyar icipe ta Nairobi, wadda Thomas Odhiambo ya kafa a 1970 don nazarin ƙwari, ta yi aiki da manoman da ke kewaye da dajin Kakamega a kan Anaphe panda. Suna dasa itacen da take ci, suna rufe rassan da raga don kare ƙananan tsutsotsi daga tsuntsaye da zanzaro, waɗanda kan hallaka mafi yawansu kafin su kai ga saƙa. Babban abin da aikin ya dogara a kai wata dama ce da silikin Sin ba shi da ita. A silikin Sin dole a kashe abin da ke cikin kwanso da zafi kafin ya huda, domin in ya huda zaren ya tsinke ya ɓaci. Tsamiya kuwa dama kaɗa ta ake yi, ba warwarewa ba, saboda haka huda ba ta rage mata komai. Mai tsinka zai iya barin gidan a jikin itace har ruwa ya sauka, iyayen su fice su zuba ƙwan baɗi, sannan ya je ya ɗauko fankon ya kai tukunya.